Mainasara Wanzami da Gemun Mati

Duk wanda aka haifa a unguwarmu, nan gangaren Kusugu, kafin a canja kuɗi zuwa naira, to askar gidan su Mainasara ce ta fara taɓa kansa. Kakansa wanzami, ubansa wanzami, shi ma ya buɗe ido ya tarar da zabira rataye a zaure tana jiransa. Gajere ne mai ɗan tumbi, ga baki kamar rediyon da makunninta ya lalace. In ya dafe kan mutum sai ya ba shi labarin duniya kaf, kuma ba halin musu, tunda aska na kan maƙogwaro.

Hannunsa na da sauƙi a kaciya, ƙahonsa kuma na ja. Amma ba aska ce ta ɗaga shi sama da sauran wanzamai ba, riƙon shekaru ne. A lokacin wa ya san wata takardar haihuwa? In aka yi gardamar wa ya girmi wa, ko ana son a san maraya ya isa a damƙa masa gonar ubansa, ko za a kai yaro makaranta, sai a ce a kira Wanzam. Ya zo ya zauna, ya lumshe ido, ya ce, "Wannan ai shekarar fara aka yi sunansa, da kaka, rago ma aro aka yi." Shi ke nan magana ta mutu. Alƙali da kansa ya sha aikowa a tafi da shi. Mainasara ba shi da gonar kirki, ba shi da doki, ɗakin matarsa ma yoyo yake. Abin da ya mallaka a duniya ke nan: in ya faɗi shekarun mutum ba a ƙara tambayar wani.

Sai kuɗin mai suka zo, kowa ya haukace. Aka yi ƙarin albashin Udoji, masinja ya sayi babur, mai gadi ya ƙara aure, mu masu suya a bakin hanya muka koyi cewa ba canji. Gwamnati ta ce kowane yaro sai ya shiga boko, ana neman malamai ido rufe, aka buɗe wata kwalejin horar da malamai a bayan gari. Ba zan kama sunanta ba, 'ya'yanta sun zama manya, wasu har da rawani. Mainasara ya samu aikin aske ɗalibai duk Asabar, a gindin wata bishiyar maina da ke bakin filin wasa. A nan ya ga ƙwallo, a nan kuma hankalinsa ya tafi bai dawo ba.

Mutumin da bai taɓa shurin ko lemon tsami ba, sai ga shi ya san gola, ya san fenariti, ya san wanda ya kamata a cire da wanda ya kamata a sa. Yakan bar kan ɗalibi rabi a aske rabi da kumfa, ya ruga bakin layi yana ihu, "Ba shi! Ba shi mana, ɗan banza, gadon ubanka ce?"

To mu Daurawa muna da haƙuri. Mun jure fari, mun jure haraji, mun jure tsadar gero. Abu ɗaya ne ba ma iya haɗiyewa, a ce 'yan Katsina sun zo har gida sun ci mu. Kuma abin da ake yi ke nan duk shekara a gasar kofin kwalejoji. Wata makaranta ta can takan zo cikin doguwar mota, su lallasa yaranmu, su sha ruwanmu, direbansu ya danne oda tun daga bakin fili har ya fita gari. Waɗanda ba su san ko ƙwallo zagaye take ko murabba'i ba, irinmu, su ma ranar ba sa cin tuwo da daɗi.

Malamin wasanni na kwalejin sunansa Malam Lawal, saurayi ne mai wando faffaɗan ƙafa, ya tara gashi kamar kwandon kaji. Kansa kaɗai ne a makarantar Mainasara bai taɓa samu ba, kuma abin na ci masa rai. Wata Asabar Malam Lawal ya zo ya tsuguna kusa da zabira.

"Wanzam, kai ne kullum a ƙauye. Ba ka taɓa cin karo da yaro mai ƙafa ba?"

"Yaro ko mai ƙafa? Zaɓi ɗaya, Malam, ba su cika haɗuwa ba."

"Doka ta ce ɗan wasa ya zama ɗalibi, kuma kada ya kai ashirin."

"Golan Katsina fa? Sanƙonsa ya fi na limaminmu. Ni da aska nake ci, na san kan da ya ga duniya."

"Shi ya sa na zo wurinka. Shigar da shi makaranta aikina ne, shugaba na son kofi a ofishinsa, ba zai ɗaga ido ba. Amma in aka yi gardamar shekaru, a ƙasar nan bakin wa ake ji?"

Mainasara ya hau wasa aska a fata. Ya san abin da ake nema a wurinsa, ba yaro ba ne shi. Amma ya tuna odar motar nan. Ya ce a ransa, ai ba gado za a raba ba, ba maraya za a cuta ba, wasa ne. Kuma su suka fara. Da wannan "su suka fara" aka gina rabin zunuban garin nan.

Ya riga ya san wanda zai ɗauko. Akwai wani ɗan dako a kasuwar Mai'adua, Mati, wanda ke ɗora buhun wake a ka ya saƙale wani a hammata. In kasuwa ta watse yakan shiga wasa da ma'aikatan kan iyaka, ƙafa ba takalmi, kuma an ce ya taɓa buga ƙwallo ta rushe katangar wani bawan Allah. Shekarunsa kuwa ba wanda ya kai Mainasara sani, don kan Mati ne kan jariri na farko da ubansa ya sakar masa ya aske shi kaɗai, shekarar da sojoji suka dawo daga yaƙin Bama. Wato mutum ya kai talatin. Yana da mata, Haulatu, da 'ya'ya, da gemu baƙi ƙirin har ƙirji.

Ran Lahadi Mainasara ya same shi a rumfar masu wake, ya ja shi gefe.

"Mati, kana son ka zama malamin makaranta?"

"Ni? Wanzam, ko baƙi ɗaya na boko ban sani ba."

"Wa ya ce ka karanta? Ka zauna a baya kana gyaɗa kai, rabin ajin haka suke yi. Abinci sau uku, shayi da madara, ga keke sabo fil. Kai dai ka buga musu abin nan yadda kake bugawa."

Mati ya haɗiyi yawu a kan keken. Sannan ya ce, "Mutanen gida fa? Baba kuma me zan ce masa?"

Baban da yake nufi surukinsa ne, Maiturare, uban Haulatu, tsoho mai tsauri da ke yawon sayar da turare a kasuwanni. Gidansa na cikin gidajen da su Mainasara suka gada tun kaka, duk haihuwa da kaciyar gidan tasu ce.

"Ka ce masa ka tafi Ikko sauke siminti. Kowa can ya nufa bana."

"To gemuna?"

"Gemunka bar mini shi."

A zauren Mainasara aka yi aikin. Da ya gama ya miƙa masa madubi, Mati ya daɗe yana kallo, idonsa ya kawo ruwa. Ya ce, "Wanzam, ka mai da ni gwandar da aka fere." Aka sa masa farar riga da gajeren wando, aka kai shi aji biyu. Benci bai ɗauke shi ba, sai da aka kawo masa kujerar malami.

Matsalar ita ce gemun bai san an yi yarjejeniya ba. A aske shi da hantsi, kafin la'asar haɓar ta yi shuɗi kamar an shafa baban rini. Dole Mainasara ya riƙa bin ƙungiyar duk inda za ta, da zabirarsa a kafaɗa. In an tafi hutun rabin lokaci, sauran yara na shan lemo, shi yana bayan katanga da Mati yana kankare masa haɓa.

Kada wani ya ce muku an ɓoye wa gari. Kowa ya sani. Mai shayi ya sani, ladan ya sani, mu da ke kai ƙosai da dafaffiyar gyaɗa bakin fili mun sani, wasunmu ma Mati ya sha ɗaukar musu kaya a Mai'adua. In ya zo wucewa sai mu ce, "Sannu ɗan makaranta, ya karatu?" mu ƙara masa ƙosai biyu. Yaron da aka cire aka sa shi, ko sunansa ba mu tambaya ba. Mati kuwa ya yi ta zura ƙwallo, makarantu suka yi ta faɗuwa, har aka kai wasan ƙarshe, da mutanen Katsina, a filinmu.

Nan bakin Mainasara ya ja masa. Duk kan da ya dafe, daga Daura har Zango har ƙauyukan Mai'adua, sai ya ce masa, "Ran Asabar kar ka sake a ba ka labari. Duk ƙasar Daura za ta hallara." Ya manta mai turare ba ya jin labarin taro ya zauna a gida.

Ranar fili ya cika har kan bishiyoyi. Tun kafin a busa usur, malamin 'yan Katsina ya zagaya Mati sau ɗaya, ya dubi ƙwaurinsa, ya tafi wurin alƙalin wasa, wani baƙo da aka turo daga Zariya.

"Wannan ba ɗalibi ba ne, uban ɗalibi ne."

Malam Lawal ya ce, "Girman jiki ne, ɗan ƙauye ne, fura ta yi masa yawa. Ga wanzamin da ya yi masa askin suna nan, a tambaye shi. Ko alƙalin gari da bakinsa yake aiki."

Aka buɗa wa Mainasara hanya. Ya shigo tsakiyar fili, bai taɓa tsayawa gaban jama'a mai yawan wannan ba. Ya ji kamar ubansa na tsaye a bayansa. Amma ya lumshe ido yadda ya saba, ya ce, "Wannan yaro, saura shekara biyu a ba da mulkin kai aka yi sunansa. Da bazara. Ni na aske shi da hannuna."

Muka ɗauki guɗa. Wallahi har da masu cewa Allahu Akbar.

Aka fara. Ba a jima ba Mati ya sako wata daga tsakiyar fili, golan nan mai sanƙo ya ga abin da ke tahowa ya kauce don yana da iyali. Ɗaya ba ko ɗaya. Mainasara ya jefa hularsa sama, bai ƙara ganinta ba. Aka tafi hutu, ya yi kankararsa a bayan katanga, aka dawo.

Ana cikin zagaye na biyu wani tsoho ya kutso da akwatin turare a ka, yana "gafara dai, gafara dai," har ya samu wuri a bakin layi, ya shimfiɗa buzunsa, ya jera kwalabe. Mainasara na can bayan raga. Da ya hango farin gemun da jar darar, sai ya gane Maiturare ne. Ya yunƙura zai zagayo, jama'a ta hana shi motsi.

Aka bugo wa Mati ƙwallo ta gefen nan. Ya biyo ta a guje kamar sa ya tsinke, ba kowa gabansa sai gola. Ya ɗaga kai don ya duba raga, sai suka yi ido huɗu da surukinsa.

Mati ya ja birki har ƙasa ta tashi. Ƙwallo ta yi gaba abinta. Ya dubi cinyoyinsa a waje, ya dubi tsohon. Sai ya duƙa ya hau kwance igiyar takalmi, don ba a gaida suruki da takalmi a ƙafa, igiyar kuwa Malam Lawal ya ɗaure masa ita tam. Fili ya yi tsit, ana zaton ƙaya ya taka. Ya cire ɗaya, ya cire ɗaya, ya ajiye su gefe, ya tsuguna, ya jawo rigar wasan ya rufe gwiwoyinsa da ita, ya sunkuyar da kai.

"Baba, ina wuni."

Maiturare ya ce, "Lafiya lau, yaro. Ɗan gidan wa?"

"Ya hanya, Baba? Ya aka baro mutanen gida?"

Muryar ce ta tona. Tsoho ya matso da fuska, ya daɗe yana duban haɓar nan.

"Mati? La'ilaha illallahu. Nan ne Ikkon?"

"A yi haƙuri, Baba."

"Ina gemunka? Ina wandonka? Ka bar mini 'ya da yara uku da tsohon ciki, tana cin geron rumbuna, kai kana nan tsirara kana guje-guje da 'ya'yan mutane?"

Mataimakin alƙali mai tuta na tsaye a wurin, malamin Katsina kuma ya riga ya iso, yana murmushi kamar an ba shi kujerar Makka. Malam Lawal na ta ihu daga nesa, "Tashi! Mati tashi ka bi ƙwallo!" Ina! Ko bindiga aka sa masa ba zai miƙe da gajeren wando a gaban Baba ba.

Alƙalin wasa ya tsai da wasa, ya ce a sake kawo wanzamin nan. Wannan karon turo shi aka yi. Ya tsaya, ga Mati a tsugune, ga Maiturare wanda ya yi shekaru yana miƙa masa wuyansa duk Juma'ar da ya je ƙauyen. Tsoho kallonsa kawai yake. Da Mainasara ya ce, "Na yi kuskure," da an yi dariya an wuce, a ce ruɗin ƙwallo ne. Amma ta bayansa muna ta ihu, "Yaro ne! Faɗa musu, Wanzam! Yaro ne!" Kuma ɗaya ba ko ɗaya ake.

Ya lumshe ido. Ya ce, "Sha tara gare shi. Auren wuri aka yi masa."

Maiturare ya gyaɗa kai. Ya ce da alƙalin wasa, a hankali, "Ranka ya daɗe, ni ban san boko ba. Amma babbar 'yarsa bana ta fara azumi. In sha tara gare shi, to yana goye ya haife ta."

Dariyar da aka yi har 'yan kan bishiya sai da ɗaya ya faɗo. Mu da muka gama cewa yaro ne, mu muka fi kowa ƙyaƙyatawa.

Aka ba Katsina wasa, aka ba su kofi, direbansu ya danne oda yadda ya saba, har ya ƙara zagaye ɗaya ta kasuwa. Mati bai tashi ba sai da Mainasara ya tuɓe babbar rigarsa ya yafa masa. Ya ɗauki akwatin turaren a ka, ya bi bayan surukinsa zuwa tasha, ba keke ba takardar malanta. Mainasara ya koma gida da 'yar shara, ba hula. Malam Lawal kuwa ba a rufa wata ba aka yi masa canjin wurin aiki, ya tafi da gashinsa ba a taɓa ba.

Aski bai tsaya ba, don kai ba ya daina tsiro. Amma daga ranar alƙali bai ƙara aikowa ba. In gardamar shekaru ta tashi sai a nemi wata tsohuwa a tambaya. In Mainasara ya manta ya sa baki, ya ce wane shekarar kaza aka haife shi, sai wani ya ce, "Wanzam, na Allah ko na kwaleji?" Shi ma yakan yi dariya, ya ce, "Ku bar ni, ni ne mutumin da ya sayar da bakinsa a kan ƙwallo ɗaya, ita ma aka ƙwace." Sai ya juya ya harhaɗa zabira ya tafi.

Da Haulatu ta sauka, namiji, ba a aiko masa ba. A bakin wani direba ya ji. Ran suna ya yi sammako ya hau motar Mai'adua da zabirarsa, ya ce wataƙila ɗan aike ne ya yi mantuwa. Ya isa ƙofar gidan Maiturare ya tarar an yanka rago, an raɗa suna, ga wani wanzami da aka ɗauko daga tsallaken iyaka zaune a kan tabarma, a daidai inda ubansa da kakansa suka zauna, jariri na hannun wata gwaggo ana aske shi. Mati na gefe yana rabon goro, gemu ya dawo har ya fi na da.

Mainasara ya yi sallama ya tsuguna. Aka miƙo masa goro guda, irin na kowane baƙo.

"Baba Maiturare, gidan nan fa tun kakana."

"Na sani, Wanzam. Ubanka ya aske 'ya'yana, kai ka aske jikokina, ban taɓa ganin kun yanki kowa ba. Hannunka ban da abin cewa. Amma wanda ya aske yaro shi ake tambaya gobe. Ba na so jikana ya yi furfura ana ce masa bai isa a ba shi gonarsa ba."

Aka yi dariya, Mainasara ya taya su, har ya fi su. Ya ce, "Gaskiya ne. To a ba ni shi in sa masa albarka, ko ita ma an hana?"

Tsoho ya ɗaga wa gwaggon kai. Aka miƙo jaririn, kansa fes, yana ƙamshin sabulun wani. Mainasara ya karɓe shi ya yi addu'a, idonsa ya cika. Yana shirin mayarwa sai zanen ya zame, yaron ya miƙe ƙafa ya shure shi a tumbi. Ya tsaya. Ya kama 'yar ƙafar ya juya ta, ya latsa ƙwaurin da babban yatsa, ya ɗago ya nemi Mati da ido.

"Kai Mati, zo ka ga. Bahago ne fa. Wallahi in aka fara sa shi tun yana..."

Maiturare ya ce, "A karɓe mini jikana. Wanzam, ga hanya nan, motar Daura ba ta jira."